Mabuɗin Yana Aljihun Manaja

"Yallaɓai, mabuɗin kabad fa?" sakatariya ta tambayi manaja a waya, tana tari.

Wata uku yana mana taƙama da shirinsa na annobar mura: takunkumin fuska kwali goma da sabulu. Ya jera su a kabad mai gilashi ya garƙame, wai muna da dogon hannu. Da murar ta iso, shi ta fara kwantarwa.

"Yana aljihuna," ya ce, murya a dishe. "Likita ya hana kowa zuwa wurina. Wanda ya fasa gilashin kuma, a bakin aikinsa."

Yanzu mu takwas ke atishawa a gaban kabad ɗin. Mai shara kullum sai ta goge yawunmu daga gilashin, kada yallaɓai ya dawo ya ce mun ɓata masa shiri.