Hatimin Malam Tanimu

Tun da aka kafa dokar hatimi, imel ba ya isa sai na'ura ta tabbatar da mai aikowa. Ranar da Malam Tanimu ya rasu, matarsa Delu ta sa aka kira Habu, mai kula da na'urar unguwa, ya sanar da ɗansu a Sudan.

Habu ya aika, saƙon ya dawo.

"Inna, hatimin gidan nan na Malam ne. Yana cikawa aka soke shi."

"To aika da naka."

"Akwatin ɗanki hatimin gida kaɗai yake karɓa. Naki kuwa ba zai fito ba sai bayan sadakar bakwai."

Suna cikin haka saƙon ɗan ya shigo. Habu ya daɗe kafin ya karanta mata: "Baba, ya ƙarfin jiki?"