Ƙofar Zaure

Da ya shiga ɗakin asibitin, bai ji nishin da ya kore shi wata biyar da suka wuce ba. Mahaifiyarsa na kwance shiru, an ɗaura mata wani ƙaton tabarau da ya rufe rabin fuskarta.

"Wanda ya sa shi, gani yake kamar yana wani wuri," in ji ma'aikaciyar jinyar. "Yana ɗauke mata hankali daga raɗaɗin ciwon dajin in za mu wanke gyambon."

Shi ne ɗan fari. Tun da ya yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko ido ba ta haɗawa da shi. Da wannan kunyar ya fake: ai ba ta nemansa, ƙannensa sun isa.

"Ka'aba kuke nuna mata?"

"Mun nuna mata, ta yi addu'a. Sai ta roƙi gidanta na Sheme, muka aika aka ɗauko hoton. Gwada ka gani, Alhaji."

Barci ya ɗauke Inna, aka zare tabarau ɗin, ya sa. Ga tsakar gidansu, ga rumbu, ga turken awaki. Ya yi ta waige-waige.

"Ita ba ta waiwaye," in ji ma'aikaciyar. "Ƙofar zaure kaɗai take kallo. Na tambaye ta wa take jira, ta ce wani yaro ne."

Ya juya ya dubi ƙofar. Ba kowa. Ya daɗe bai cire tabarau ɗin ba.