Dariyar da Ke Cikin Faifan

Ta same shi a ɗakin haɗa kiɗa, sabon faifansa yana tashi: sautin ruwan sama a hankali, goge masu yawa na bi ta ƙarƙashi, kafin ganguna su shigo. A tsakiyar nan dariyarta take, wadda ya ɗauka ba da saninta ba.

"Yayana ya ji guntun da ka saki," ta ce. "Ya gane ni. Ya ce ko ka cire, ko kada iyayenka su zo neman aurena."

Ya tsura wa na'urar ido.

"Kin san a zama ɗaya nake haɗa shi, ba yanke-yanke. In na taɓa wurin nan, duka ya rushe."

"To, sarkin kiɗa, ni ko faifan?"

Gangunan suka ƙara ƙarfi. Ta juya, har ta kama ƙofa, sai ɗakin ya yi tsit.

"Na goge faifan duka," ya ce. "Yanzu ba ni da dariyar nan ko'ina, sai dai a wurinki."

Ta so ta yi masa ita. Kuka ya riga ta.