Yatsa na Shida

Tun shekarar da aka wajabta wa masu ciki allurar gyaran iri, jinin allura ke rinjayar na iyaye. Jarirai duk kama ɗaya, sai ka ce ƙwan zabi.

Ranar suna, tsoho Cindo ya sa 'yarsa Ladi ta kawo masa jikansa zaure. Gidansu tun kaka da kakanni da yatsa shida ake haihuwa. Kowace mace aka auro, jininsu ke danne nata. Ya buɗe ɗan hannun ya ƙirga. Biyar.

"Ke Ladi, an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ina namu a jikin yaron nan?"

"Haƙuri za ka yi, Baba. Mu ma da jan zaren ƙafarsa muke gane shi."

Ya yaye zani. Babu zare.

Ladi ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Ɗazu ungozoma ta yi musu wanka tare da ɗan maƙwabta. Bari in je in musanyo."

Cindo ya daɗe yana duban fuskar, sannan ya rufe hannun.

"Bar shi, a raɗa masa suna. Wancan ɗin ma ba namu ba ne."