Amshin Da Dalvanira Ta Bayar

Da la'asar ɗin Lahadi, a barandar mahaifinta, Dalvanira ta ajiye 'yar takarda mai ɗauke da amshi a tiren karɓar kuɗi da ke gaban mawaƙa. A yankinsu na Pajeú, duk amshin da mai sauraro ya bayar, dole mawaƙi ya rufe kowane baiti da shi.

Genival, ɗaya daga cikin mawaƙan, ya warware takardar, yatsunsa suka tsaya cak a kan jita. Shekara tara yana yawon waƙa gari-gari, zoben baikonsa yana hannun Dalvanira.

"Dalva," ya ce ƙasa-ƙasa, "ki sake mini wani."

"Ka taɓa mayar wa wani da nasa?" Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Rera kawai. Ni na gaji da magana."

Ya rera. Ya ambaci ruwan da za a yi bana, da gidan da zai gina, da ranar auren da zai tsayar. Amma duk baitin da ya zo ƙarshe, da bakinsa yake cewa, "Mai jirana ta daina jira."

Mutane suka yi ta tafi, wai bai taɓa waƙa irin ta yau ba. Da tiren ya zagayo gabansa, zoben yana ciki.