Kafintan da Ya Auna Katako Bai Auna Ɗaki Ba

Nafi'u, ajiye takardar nan tukuna, na ga adadin, kuma na taya ka murna. Albashin da masu aikin can birni suka rubuta maka ya ninka na nan sau uku, ban musa ba. Amma tunda ka ce burinka maiɗakinka ta zauna a gida da yara, bari in ba ka misalin wani kafinta, in ya so ka yi shawara da zuciyarka.

A wani ƙaramin gari na bakin fadama aka yi shi. Gwani ne, ba ya ɗora zarto a kan katako sai ya auna sau biyu. Matarsa marainiya ce, hannu-hannu ta tashi, yau gidan gwaggo, gobe gidan kawu. Shi ya sa da za su yi aure abu guda ta roƙa, cewa 'ya'yanta ita za ta rene su da hannunta. Ya yi mata alkawari, alkawarin kuwa bai yi masa nauyi ba, don a gidan gado suke zaune. Akwai rijiya a tsakar gida, ga bishiyar zogale, ga awaki biyu da 'yan kaji. Tana suyar ƙuli-ƙuli da goyonta a baya, ana shigowa har gida ana saye. Samunsa ba yawa, wani watan ma daga gyaran ƙofa sai kujerar tsuguno, amma ba su taɓa kwana da yunwa ba.

Ana nan sai wani kamfanin kujeru na babban birni ya ga aikinsa, ya kira shi da albashin da ko a mafarki bai taɓa riƙewa ba. Ya shigo gida baki har kunne. Matar ta yi masa barka, sannan ta tambaye shi nawa ake sayar da jarkar ruwa a can. Ya yi dariya har da riƙe ciki, wai ana zancen dubbai ita tana zancen jarka. Ka ji mutumin da ke auna katako sau biyu, amma ɗakin da zai zuba iyalinsa ko sau ɗaya bai auna ba.

Da ƙyar suka samu ciki da falo a bayan gari. Mai gidan hayar ya ce kuɗin shekara biyu yake so a dunƙule, ban da na dillali, sai awakin suka tafi kasuwa. Ya kuma kafa doka, ba kiwo a gidansa, ba hura itace, ƙuli-ƙuli ya mutu ke nan. Ruwa sai an kira ɗan garuwa. Zogalen da take rabawa maƙwabta kyauta, yanzu a ƙulli take sayensa. Shi kuma sai ya hau mota biyu kafin ya isa wurin aiki. Duk da haka suka lallaɓa, har shekara biyu ta cika, mai gida ya ƙara kuɗi, albashi kuwa yana inda yake. In ya shigo ƙarshen wata, haya na zaune a bakin ƙofa tana jiransa.

Dole, an ce uwar na ƙi. Matar ta kama aikin girki a wani gidan abinci, ta fita bayan asuba, ta dawo magariba. Ƙaramar 'yarsu, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, sai a bar ta wurin maƙwabciya, mace mai kirki, ba ta taɓa ɗaga wa yarinyar murya ba. Haka aka yi wata da watanni.

Wata ranar hutu da hantsi, duk suna gida, yarinyar ta yi tuntuɓe a dakali ta fasa leɓe. Uwar ta zabura, ta durƙusa, ta buɗe hannuwa. Yarinyar ta taho da gudu tana kuka, ta wuce ta gefenta, ta faɗa ɗakin maƙwabciya. Uwar ta daɗe a durƙushe, sannan ta miƙe ta koma kan wanke-wankenta. Kafinta na zaune a ƙofar ɗaki, ya ga komai. Wallahi Nafi'u, duk sanda na zo nan a labarin nan sai zuciyata ta karye, don abin da ta guje wa tun tana yarinya shi ne ya biyo 'yarta har birni. Ranar ya fara lissafin da ya kamata ya yi tun a garinsu. Ya yi tunanin komawa, sai ya tuna ɗakinsu na gidan gado ƙanensa ya yi aure a ciki, masu kawo masa aiki kuma sun saba da wani kafintan.

Kada ka ce fitar mace aiki nake kushewa. Yayarka malamar asibiti ce, 'ya'yanta sun tashi lafiya, amma ita ce ta zaɓa. Ba kuma birni nake hana ka ba, wasu sun je sun samu alheri. Cewa nake yi, kafin ka sa hannu je ka can ka kwana biyu, ka tambayi haya da ruwa da kuɗin mota. In ka dawo ka zauna da maiɗakinka ta lissafa maka abin da gidan nan ke ba ku kyauta, don ta fi ka saninsa, kuma in ta tambaye ka kuɗin jarka kada ka yi dariya. Abin da ya rage a hannunka bayan haya shi ne albashinka, ba abin da aka rubuta a takarda ba. In ya isa ya zaunar da ita, Allah ya kiyaye hanya. In bai isa ba, ka tuna da kafinta, don a kan irinsa Bahaushe ya ce, an je neman ƙiba, an samo rama.