Ƙofar da Ba a Ƙwanƙwasa Ba

Mato bai cika wata huɗu da kama ɗakin haya a Malbaza ba ciwo ya same shi. Daga Bazaga ya zo bayan kaka, ya samu aikin ɗaukar buhu a gidan siminti. Ɗakin ciki ɗaya ne, rufin kwano, ba taga, a bayan tasha inda manyan motoci ke ƙugi wuni zubur. Tabarma da randa da akwatinsa kaɗai suka cika shi.

Gidan ɗaki tara ne a jere, kowa da garin da ya fito. Suna da wata ƙa'ida tasu. Wanda ya yi aikin dare, in ya dawo da safe sai ya bar takalminsa a bakin ƙofa. Da an ga takalmi, ba mai sallama, ba mai ƙwanƙwasawa. Mato ya ji daɗin abin, don a ƙauyensu ba ka isa ka yi barcin hantsi ba sai an leƙo an tambayi lafiyarka.

Ran Litinin ya dawo daga aikin dare da safe kansa na sarawa. Ya tuɓe takalmi, ya tura ƙofa, ya kwanta. Kafin azahar zazzaɓi ya rufe shi, wuyansa ya sandare. Sanƙarau ne, shi bai sani ba. Ga randa nan taku biyu daga tabarmarsa, amma ya kasa kaiwa gare ta.

Yana jin komai na tsakar gida, dakan mata da rediyon maƙwabta. Ya yi kira, muryar ba ta wuce ƙofa ba.

Ran Talata da hantsi ya ji Kyauta, matar Hashimu direba, masu ɗakin da ke jikin nasa, tana magana da mijinta.

"Maigida, tun jiya ban ga mutumin Bazaga ya fito ɗibar ruwa ba."

"Ke dai akwai sa ido. Ba ki ga takalminsa ba?"

"Na gani. Amma ko fitarsa salla ban ji ba."

"To ke ce liman? Mutum ya kwana ɗaukar buhu, ki bar shi ya huta. Kuma me ya kai matar aure ƙofar tuzuru?"

"Shi ke nan, na yi shiru."

Mato ya ɗaga hannu da ƙyar ya bugi ƙasa. Daɓen ƙasa ne, ba ya ƙara. Ya ji sawun Kyauta ya yi nisa.

Ran Laraba ƙanwarsa Shatu ta iso daga ƙauye da ƙullin gari da yajin da innarsu ta aiko. Wani tsoho a tsakar gida ya nuna mata inuwa.

"Zauna ki jira, ɗiyata, barci yake."

"Baba, yaushe rabonku da ganinsa?"

Tsohon ya dubi matan gida, matan suka dubi juna. Shatu ta ajiye ƙullin ta tura ƙofar. Ko sakata babu. Da yatsa ɗaya ma da ta buɗe.

Ta same shi leɓensa ya tsage, idanunsa sun faɗa. A motar Hashimu aka ɗauke shi zuwa asibitin Konni, kansa a cinyarta. In ya farfaɗo sai ya gaya mata kaɗan, ya sake suma.

"Na ji su, Shatu. Duk abin da suka ce na ji."

"Yi shiru, Yaya, mun kusa."

Mai ba da magani ya duba shi, ya ce da ranar farko aka kawo shi, da akwai abin da allura za ta yi. Mato ya cika ran Alhamis kafin la'asar, yana da shekara ashirin da shida.

Hashimu ya zo gaisuwa har Bazaga, ya tsuguna gaban innar Mato yana kuka.

"Wallahi Inna, mutunci muka ɗauka muna yi masa."

Tsohuwar ba ta zage shi ba. Ta ce, "Allah ya ba mu haƙuri," ta juya fuskarta ga bango.

Jama'a, ba mugu ko ɗaya a gidan nan, amma ga abin da ya faru. In kuna zaman haya, maƙwabcinku ya wuni bai fito ba, ku je ku ƙwanƙwasa. Gara ya tashi ya yi muku faɗa da a fito da shi a hannu.